Tsohuwar motar gudu ta fara hayaƙi: a gyara injin, a sauya shi, ko a ƙara masa ƙarfi?

Duk mai riƙe da tsohuwar motar gudu, ko Mazda MX-5 ce, ko Honda S2000, ko Subaru WRX, ko Porsche Boxster, akwai ranar da makanike zai kashe injin, ya goge hannu ya ce, "Maigida, sai fa an sauke shi." Kafin mai mota ya gama haɗiye wannan, sai wata maganar ta biyo baya, ko daga bakin makaniken ko daga abokai: "Tunda dai za a buɗe, ai gara a sa fistan mai ƙarfi, a canza kamshaf, a ɗora turbo gaba ɗaya." (Turbo na'ura ce mai cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi.) Wannan "tunda dai za a buɗe" ɗin ta ajiye motoci da yawa a gareji shekara da shekaru, aljihu ya ƙare, aiki bai ƙare ba.

Ni a ganina, motar da ake hawa a kan titi, ake kai ta filin tsere jifa-jifa, abin da ya fi dacewa da ita shi ne a mayar da injin ma'aunin kamfani, a kuma toshe raunin da aka san irin injin da shi. Amma ba kowace mota ce wannan ya dace da ita ba, kuma ba a yanke hukunci kafin a auna.

Awon farko shi ne na matsin iska a cikin silinda. Ana yin sa ne injin da ɗuminsa, an cire fulogi duka, totur a buɗe. Abin dubawa shi ne ko silindojin sun kusanci juna. Idan ɗaya ta gaza sauran da fiye da kashi 10 cikin ɗari, akwai magana. A zuba ɗan baƙin mai kaɗan ta ramin fulogin waccan silindar a sake aunawa. In matsin ya tashi, ringi ne ya cinye. In bai motsa ba, a duba bawul ko gasket ɗin kai. Awo na biyu ya fi wannan faɗin gaskiya: a kai fistan can ƙololuwa, bawul duka a rufe, a hura iska ta ramin fulogi, a ga kashi nawa ke zurarewa, sannan a kasa kunne. Iska na fita ta bakin zuba baƙin mai, ringi ne. Tana fita ta salansa, bawul ɗin fitar hayaƙi ne. Ruwan lagireto na kumfa, gasket ya ƙone ko kan silinda ya tsage. Ƙasa da kashi 10 inji na da lafiya; ya haura kashi 20, ya gaji.

Hayaƙin ma yana da bakinsa. Shuɗi da safe kawai, ya ɗauke bayan ɗan lokaci, galibi robobin bawul ne suka bushe, kuma wannan ƙaramin aiki ne. Shuɗi duk lokacin da aka taka totur, ringi ne. Fari mai kauri da ba ya yankewa, ruwa ne ke shiga silinda.

Sai ƙasan inji. Kada a dogara da fitilar baƙin mai ta gaban direba, domin ba ta kamawa sai matsi ya kusa ƙarewa. A ɗaura ma'auni na hannu a gani, injin da zafinsa. Tsohon lissafin masu haɗa inji shi ne psi 10 (psi ma'aunin matsi ne) ga kowane juyi 1,000 a minti ɗaya, kodayake littafin motar ne ke da maganar ƙarshe. A yanka filtar baƙin mai a buɗe takardar cikinta: idan akwai ɓarɓashi mai ƙyalli, musamman mai launin jan ƙarfe, metal, wato ɓawon ƙarfen da kiranshaf ke juyawa a kansa, ya fara cinyewa, kuma injin na kan hanyar bugawa. A ƙarshe a zura ƙaramar kyamara ta ramin fulogi a kalli bangon silinda.

Akwai tambayar da ake yawan tsallakewa: me ya kashe injin? Idan tsufa ne kawai, shi ke nan. Amma a Toyota MR2 ta farkon shekarun 2000, matatar hayaƙin da ke manne da inji kan farfashe, ɓarɓashinta ya koma cikin silinda ya kankare bango. A Mazda RX-8, raunin kwayil kan sa fetur ya ƙi ƙonewa sosai, ya toshe matatar hayaƙi, ya gajiyar da inji. Wanda ya haɗa sabon inji ya bar musabbabin nan a jikin mota, zai sake saukewa.

Idan awo ya nuna matsalar a sama take, to a tsaya a sama. A cire kan silinda, a daidaita fuskarsa, a gyara mazaunin bawul, a sa sabon gasket da robobi, a canza taimin bel da famfon ruwa. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi, kuma babu abin kunya a cikinta. Haka nan a BMW M3 mai injin S65, wadda aka yi daga 2007 zuwa 2013, ana iya canza metal ɗin konrod, wato sandar da ke haɗa fistan da kiranshaf, ta ƙasa ba tare da an fitar da injin ba, kuma masu ita da yawa kan yi haka tun kafin ya yi ƙara. Sai dai idan ringi ya riga ya gaji, sabon kai ba zai hana shan baƙin mai ba.

Gardamar gaske tana tsakanin injin hannu da gyara na cikakke.

Injin hannu, wato irin naka da aka ciro daga wata motar, ya fi sauri kuma galibi ya fi araha. A kwana kaɗan mota ta koma titi. Yana da wata fa'ida da ba a cika ambata ba: kamfani ne ya haɗa shi, da injinan awo da tsaftar da ƙaramin gareji ba zai iya kamowa ba, don haka injin hannu mai lafiya ya fi injin da aka gyara da ganganci. Matsalarsa ita ce ba ka san tarihinsa ba. Motocin gudu ba a hawa su da tausayi, kuma yawancin injinan da ke kasuwa sa'annin naka ne a shekaru, da raunin gado iri ɗaya. A motar da aka yi da yawa, kamar MX-5 wadda ke fitowa tun 1989, injin hannu zaɓi ne mai kyau ƙwarai, domin suna da yawa kuma suna da juriya. A RX-8 kuwa ban ba da wannan shawarar ba. Injinta ba fistan gare shi ba, rota ce mai kusurwa uku ke juyawa, kuma abin da ke cinyewa su ne 'yan ƙarafan da ke toshe bakin kowace kusurwa. Injin hannu na RX-8 sau da yawa yana kan hanyar da naka ya bi ne, sai dai bai iso ba tukuna. Ba a kuma auna shi da ma'aunin matsi na yau da kullum, domin kowace rota fuska uku gare ta, kowace fuska da nata awon. Haka ma Porsche mai injin M96 ko M97: wanda ka sayo zai iya zuwa da karcewar silinda da raunin boris ɗin IMS, wato boris ɗin sandar da ke kai juyi daga kiranshaf zuwa kamshaf, irin abin da ya kashe naka.

In dai za a sayi na hannu, a nemi awon matsi kafin a biya, a buɗe murfin bawul a ga tsaftar ciki, a cire kwanon baƙin mai a duba, a kuma rubuta yarjejeniyar mayarwa. Kafin a ɗora shi a canza taimin bel, famfon ruwa, robobin gaba da baya na kiranshaf, da kulochi, tunda yanzu ne hannu ke kaiwa cikin sauƙi.

Gyara na cikakke kuwa ba canza ringi da metal ba ne kawai. Ana wargaza injin gaba ɗaya, a wanke, a buɗe hanyoyin baƙin mai a goge, sannan a auna komai. Silinda ba ta cinyewa daidai. Ta fi faɗaɗa a sama inda ringi ke juyawa, ta kuma koma kamar ƙwai a siffa. In cinyewar ba ta wuce iyakar littafi ba, a yi mata gugar da ke barin zane mai gicciye don ringi ya zauna. In ta wuce, a faɗaɗa ta da milimita 0.25 ko 0.50 a sa fistan mai girman hakan. Kiranshaf a auna shi, a goge ko a rage shi a sa metal mai kauri. Tazarar metal ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kusan milimita 0.025 ga kowane milimita 25 na kaurin wuyan kiranshaf, shi ya sa ido da hannu ba sa wannan aikin. Idan injin bugawa ya yi, na'urar sanyaya baƙin mai sai a jefar da ita a sa sabuwa, domin ɓarɓashin ƙarfe kan maƙale a cikinta ya dawo ya cinye sabon metal. Kusoshin kan silinda na injina da yawa sau ɗaya ake ɗaure su, suna miƙewa ne da gangan, ba a maimaita su.

Kada wani ya ruɗe ka cewa faɗaɗa silinda ƙarin ƙarfi ne. Injin tsohuwar MX-5 ta kafin 2005 mai lita 1.8 faɗin silindarsa milimita 83 ne. An ƙara 0.50, girman injin ya tashi daga cc 1,839 zuwa kusan 1,861. Kashi ɗaya da ɗan ɗigo ke nan cikin ɗari, ba abin da ƙafa za ta ji.

A nan ne irin injin ke sauya lissafi. Bulok na baƙin ƙarfe, kamar na tsohuwar MX-5 ta kafin 2005 ko 2JZ na Toyota Supra, yana karɓar faɗaɗawa ba gardama, kuma duk ƙwararren mai aikin ƙarfe zai iya. Injin F20C na S2000, wanda ke kaiwa juyi 9,000 a minti, bangon silindarsa wani haɗi ne na musamman da ake kira FRM. Ba a yi masa guga irin ta baƙin ƙarfe, kuma yawancin fistan na kasuwa ba sa jituwa da shi sai an dasa sabuwar riga a cikin silindar. M96 na Porsche ma bangonsa alminiyam ne mai sinadarin silikon, in ya karce sai an dasa sababbin riguna. Gidan rotar Mazda kuwa ba a faɗaɗa shi sam, in rufinsa ya ɓare sai sabo. A irin waɗannan injinan kuɗin gyara kan iya kusantar darajar motar kanta ko ya wuce, kuma mai aikin dole ya zama wanda ya saba da su. Nan ne ya kamata mutum ya tambayi kansa da gaske ko yana son motar har haka. Sayar da ita a yadda take, a faɗa wa mai saye gaskiyar halin injin, shi ma zaɓi ne.

Abin da gyara na cikakke ya fi injin hannu da shi shi ne sani. Ka san tazarar kowane metal, ka san shekarun kowane ringi. Ga motar da ta fara zama abar tarihi kuma, lambar injin da ta fito da shi daga kamfani tana riƙe mata daraja. Lahaninsa lokaci ne, domin makonni kan zama watanni, da kuma cewa ba a sanin ainihin kuɗin sai an buɗe. A ware wani abu a gefe saboda abin da za a tarar.

Yanzu maganar ƙari. Ƙari iri biyu ne, kuma haɗa su a kwando ɗaya shi ne ke rikitar da mutane. Akwai ƙarin da ke tsawaita ran inji, akwai wanda ke ƙara masa ƙarfi.

Na farkon ba na jayayya da shi ko kaɗan. Boris ɗin IMS mai inganci a Porsche, tunda an riga an raba injin biyu. A motocin 2006 zuwa 2008 ma ba ya fita sai an raba ɗin. Kwanon baƙin mai mai shinge a ciki, saboda a kwana mai tsawo da gudu man kan taru gefe guda famfo ya zuƙi iska, kuma daƙiƙa kaɗan sun isa su cinye metal. Bututun zuƙar mai mai ƙarfi a injin EJ na Subaru, wanda na asalinsa kan tsage. Lagireto mai kauri, na'urar sanyaya baƙin mai, kusoshin konrod masu ƙarfi irin na kamfanin ARP, da daidaita nauyin fistan da konrod da kiranshaf. Duk waɗannan ba sa canza halin mota a cunkoso, kuma yin su daga baya sai an sake sauke inji.

Na biyun ne ke buƙatar natsuwa. A ɗauki fistan. Na kamfani galibi zubi ne, yana zama dam a silinda, ba ya ƙara, yana daɗewa. Na ƙira, wanda aka matse da ƙarfi maimakon a zuba, ya fi jure zafi da duka, amma shi ma iri biyu ne. Mai lamba 2618 kusan babu silikon a cikinsa, yana kumbura sosai in ya yi zafi, don haka sai an bar masa tazara mai yawa. Da sanyin safiya za ka ji yana kaɗawa, yana kuma saurin cinyewa. Na masu tsere ne da ke buɗe inji a kai a kai. Mai lamba 4032 yana da silikon kusan kashi 12 cikin ɗari, bai cika kumbura ba, ya fi dacewa da titi. Wanda ya sa 2618 a motar zuwa aiki ya biya kuɗi ya sayi hayaniya. Fistan na ƙira shi kaɗai kuma ba ya ƙara doki ko ɗaya, wato ma'aunin ƙarfin inji. Dama kawai yake bayarwa a ƙara matsi ba tare da ya fashe ba. Inda yake da hujja mai ƙarfi shi ne irin EJ257 na Subaru WRX STI, wanda an san fistan ɗinsa na asali da tsagewa a tsakanin ramukan ringi idan fetur ya riƙa fashewa kafin lokaci.

Kamshaf mai tsawon buɗewa yana matsar da ƙarfin inji ne zuwa juyi na sama. Abin da ka samu a can, ka rasa shi a ƙasa: silo ya riƙa rawa, tashi daga tsaye ya yi nauyi, shan mai ya ƙaru. Ga kuma lissafin da ba ya yafiya. Nauyin da ke jan konrod yana ƙaruwa ne da ninkin juyi a kansa, ma'ana ɗaga iyaka daga 7,000 zuwa 8,000 ya ƙara masa kusan kashi 30 cikin ɗari. A injin da ba shi da turbo, kuɗi mai yawa ne ke sayen doki kaɗan, musamman a irin F20C ko S54 na BMW M3, waɗanda kamfani ya riga ya tatse kusan duk abin da ke ciki.

Turbo ko sufacaja, wadda ita ma ke cusa wa inji iska, su ne ke ba da ƙarfin da ake ji a baya. Ƙarin matsi na rabin bar, wato kusan rabin matsin iskar waje, yana nufin kusan rabin iskar da injin ke sha ta ƙaru, ƙarfi kuma ya bi sahu. Amma turbo ba ya zuwa shi kaɗai. Yana jawo nozul masu girma, famfon fetur, na'urar sanyaya iska, kulochi mai ƙarfi, tazarar ringi mai faɗi, sau da yawa da fistan mai rage matsi, sai kuma saita kwamfutar inji a kan na'urar gwaji a hannun wanda ya iya. Daga nan giya da aksul da birki su fara kuka. Zafi ma haka: a injin fetur kusan kashi ɗaya bisa uku ne kawai na ƙarfin man ke juya taya, sauran ta lagireto da salansa yake fita, don haka duk dokin da aka ƙara ya zo da nasa zafin. Ingancin fetur ɗin da za ka riƙa samu kullum shi ke yanke iyaka. Injin da aka saita a kan fetur mai oktan 98, wato lambar juriyarsa ga fashewa kafin lokaci, aka ba shi mai 91 yana iya fasa fistan a taku ɗaya mai ƙarfi.

Wasu injinan sun fi wasu karɓar wannan. 2JZ-GTE na Supra, wadda aka yi daga 1993 zuwa 2002, ya yi suna ne saboda ƙasansa na asali na ɗaukar ƙarfin da ya zarce na kamfani nesa ba kusa ba, don haka a ƙari matsakaici ba ya buƙatar kayan ƙira. Injin MX-5 na farko ya samo asali ne daga na Mazda 323 mai turbo, har da bututun fesa baƙin mai ƙarƙashin fistan, shi ya sa yake karɓar ƙaramin turbo lafiya. In aka zarce, konrod ne ke fara lanƙwasa.

Dasa wani injin daban, kamar V8 na dangin LS da Chevrolet ta fara sa wa Corvette a 1997, ko K20 da K24 na Honda, ba gyara ba ne, gina wata motar ce. Sai an sake mazaunin inji, wayoyi, giya, salansa da sanyaya, nauyin gaba ya canza, kuma motar ta daina zama abin da ka so tun farko. Ga mai neman ƙarfi mai yawa, wani lokaci ya fi araha da aminci a kan takura wa ƙaramin inji. Doka ma na da ta cewa: a Jamus sai an duba an shigar da canjin a takardun mota, a jihar Kalifoniya ta Amurka dokokin hayaƙi sun tsananta ƙwarai, kuma kamfanin inshora da ba a sanar da shi ba yana iya ƙin biya ranar hatsari.

Abin da zai raba maka gardama shi ne yadda kake hawa motar a zahiri, ba yadda kake hasashe ba. Mai yawon ƙarshen mako da mota mai yawa a kasuwa, injin hannu da aka auna ya ishe shi. Mai niyyar riƙe motar shekaru masu yawa, ko mai injin da ke da raunin gado, ya yi gyara na cikakke da ƙarin tsawon rai. Mai zuwa filin tsere a kai a kai ya fara da mai da sanyaya, sannan ya duba taya, birki da shakazoba, domin motar da injinta ya gaji, bushin da shakazobarta ma sun gaji, kuma sababbinsu kan rage lokacin zagaye fiye da ƙarin doki 20. Mai son turbo kuwa ya faɗi adadin dokin da yake nufi tun kafin a taɓa bulok, saboda mai faɗaɗa silinda sai ya riƙe fistan ɗin a hannu yake yanke tazara. Canza ra'ayi bayan an gama guga, biya biyu ne.

Ko wace hanya ka bi, ka nemi mai haɗa injin ya ba ka takardar awo: faɗin kowace silinda, tazarar fistan, tazarar bakin ringi, tazarar kowane metal, da sunan kayan da ya sa. Wanda ya auna ba zai ji nauyin rubutawa ba. Ku kuma yi magana a kan horon sabon inji tun kafin ka karɓi makulli. Yawancin masu haɗawa kan so a fara da baƙin mai na gargajiya, a guji barin inji a silo na tsawon lokaci, a riƙa sauya juyi da nauyi don ringi ya zauna, a zubar da man farko da wuri a yanka filtar a duba. Idan akwai turbo a tsarin, a bar matsinsa a ƙasa har sai an gama wannan horon, sannan a koma na'urar gwaji a yi saitin ƙarshe.